Dilar Gwanjo

Ni ba sai an gaya mini ɗari na tafe ba.
Tun man kaɗanya bai daskare a gwangwani ba,
tun gwiwar Inna ba ta fara kai mata tsegumi ba,
dilata ta baro bakin teku,
ta kwana a Gaya, ta sha iska a Ƙonni,
ran Litinin ga ta gaban rumfata a Maraɗi.

In sa wuƙa, in yanke ɗauri,
ta ja numfashi kamar saniyar da aka kwance wa dabaibayi.
Warin wata ƙasa ya tashi,
ƙasar da aka ce sama na zubo musu garin ƙanƙara
har ya toshe ƙofa.
Can sun gama da rigunan nan,
nan yanzu za su kama aiki.

Nomau ne na fari, kullum shi ne.
Gero ya shiga rumbu, shi ya gangara Gulbi.
Ruwan da ya yi ta hauka a watan takwas
ya kwashe kayansa, ya bar rairayi da sawun awaki.
Saura lambu: tumatir, salati, zogale layi biyu.
Ya ce asubar fadama ba ta ganin girman gemu.
Ya gwada baƙar kwat, hannunta ya haɗiye yatsunsa,
ya ce, ta yi, mai ita dogo ne, Allah ya saka masa.
Jaka biyu na ce.
Ya ba ni ɗaya da rabi, da alkawarin kabeji.

Sai Arzika, direban hanyar Agadas.
Shi biyu yake ɗorawa, ya bi da rawani.
Ya ce, ku nan wasa kuke,
bayan Abalak dare na cizo
kamar karen da aka taka wa wutsiya,
ruwan buta sai ka lallashe shi kafin alwala.

Masuntan Madarunfa hula suke so, mai rufe kunne.
Sun ce tafki na hayaƙi da sassafe
kamar an ɗora shi bisa murhu.
Shamuwa ta tafi ba sallama,
baƙin tsuntsaye sun sauka, waɗanda ba su jin Hausa,
su ma sanyin garinsu ne ya koro su.

Da dare ƙanena Haladu ya kira daga Abijan.
Ina jin ruwa na dukan kwano a bayan muryarsa.
Na ce, har yanzu? Ya ce, har yanzu, zufa ma nake.
Na ce, mu mun jawo garwashi tsakar ɗaki,
sabuwar gyaɗa na cikin toka,
Inna na faɗa da yara kan wanka.
Ya yi shiru. Kuɗin waya na tafiya.
Can ya ce, shekara shida ban ga hayaƙin bakina ba.
Ka ji abin da mutum ke kewa.

A aljihun wata ƙaramar riga shuɗiya
na tsinci safar hannu, ja, ƙwaya ɗaya,
ta yaro, an ɗinke babban yatsa da farin zare.
Wata uwa ta zauna ta yi ɗinkin nan.
Na zazzage dila har ƙasa, ba ƴar'uwarta.
Wa zai sayi hannu guda?

Na kai gida. Tsahara ta zura na dama,
ta tafi lakwal tana ɗaga wa kowa hannu,
har jakin mai itace,
na hagu kuwa yana ɓoye a hammata.

Na sani, watan uku rana za ta dawo da fushinta.
Nomau zai rataye kwat a ƙusa,
ni in ninke abin da ya yi kwantai,
in koma kiran shara-shara, shara-shara.
Amma yau mai shayi ya riga ladan tashi,
haƙorana na gaisawa da juna,
ga wata dila ban yanke ba.
Zan duba aljihu ɗaya bayan ɗaya,
ko ja ɗin nan ta biyo baya.